Ja da Tsanwa

A bakin tabkin Madarumfa Mutari ya fara ganin Ɗelu, tana tsinkar tumatir a lambun mahaifinta. Ya tsuguna zai taya ta, ya cika mata rabin kwando da ɗanye. Ta yi dariya har da hawaye, a zatonta ganinta ne ya ruɗa shi. Shi ma haka ya ɗauka.

A shekarar ya ci bak, jarrabawar gama sakandare, burinsa ɗaya ne, ya tuƙa jirgin sama. Mahaifinsa ya sayar da gonarsa ta Safo saboda karatun. Malam Hamisu, uban Ɗelu, ya ce in dai yaron ya samu shiga makarantar tuƙin jirgi, ya ba shi ita.

Ranar da zai tafi Yamai awon lafiyar da ake yi wa matuƙa, ta aiko masa da saƙo: "Matuƙina, Allah ya kai ka lafiya. In ka hau sama kar ka manta da mu 'yan lambu."

Kunne da zuciya da ƙarfin gani duk aka same su lafiya lau. Sai likita ya buɗe wani littafi mai ɗige-ɗigen launuka, ya ce ya karanta lambar da ke kowane shafi. Ya karanta ta farko. A sauran bai ga komai ba sai ɗige-ɗige. Aka shigar da shi wani ɗaki ana kunna masa ƙananan fitilu daga nesa, ya kira ja tsanwa, ya kira tsanwa fari.

Likitan ya ce da abin aka haife shi, ba ya ƙaruwa, kuma ba shi da magani. Amma matuƙi da launin fitilu yake aiki, don haka ba zai sa hannu a takardar lafiyarsa ba.

Kwana ashirin Mutari ya yi a ɗakin wani abokinsa, waya a kashe, ya kasa tunkarar mahaifinsa. Labari kuwa ya riga shi gida, ya sauya kama a hanya, wai makancewa yake yi. Malam Hamisu ya janye maganarsa, ya fara sauraron wani ɗan duwan, ma'aikacin kwastan na garin Ɗan Issa, mai neman auren Ɗelu. Ɗelu ta rame, tana zaton wata ce ta ɗauke masa hankali a birni.

Da ya kunna wayar, saƙonta ya fara gani: "In wata ka samu, faɗa mini. In kuwa idon ne, ni ina da biyu."

Ya amsa: "Ɗeluna, babu wata. Na cinye gonar Baba, ban kawo komai ba."

"Ka kawo kanka," in ji ta.

Ya komo. Mahaifinsa ya amsa gaisuwa, daga nan bai ƙara ce masa uffan ba. Ɗelu ce ta yi ta roƙon nata uban har ya yarda ya raka Mutari asibiti a Maraɗi, ya ji da kunnensa cewa ba makanta ba ce. A hanyar komowa Malam Hamisu ya tambaye shi da me zai riƙe ta.

"Na fara koyon gyaran injin ban ruwa, Baba. Ba zan bar ta da yunwa ba."

Shekara guda Malam Hamisu ya zuba masa ido kafin ya sallami ɗan duwan.

Bayan kaka aka ɗaura auren, babu kiɗa, babu taro mai yawa. Da jama'a suka watse, mahaifin Mutari ya shigo, ya tsaya ya daɗe yana duban su biyun. Sannan ya dafa kan ɗansa.

"Ba laifinka ba ne, Mutari. Na daɗe ina son in faɗa maka. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya."

Ɗelu ta ce amin. Mutari bai iya ba, kuka ya ci ƙarfinsa.