Ba Zan Ci Don Kunya Ba

"Cokali biyu fa kika ci, Auta. Cokali biyu, a gaban mahaifiyata."

Auta ba ta ɗago daga kan keken ɗinkinta ba. Ta gyara bakin rigar da take yi wa kalmasa, ta ci gaba da takawa kamar ba da ita ake ba. Malam na tsaye a ƙofar shagon, ƙurar alli ba ta ma gama fita daga hannunsa ba, don daga makaranta nan ya yo. Saura wata biyu aurensu.

"Uku na ci," ta ce. "Na kuma cinye ganyen da kifin."

"Tun safe Mama take tsaye a kicin saboda ke. Yaya Babba ta ce raini ne, wai tun ba ki shigo ba kin fara yi mana yanga."

Sai a nan ta tsayar da keken.

"Ka manta abin da yayar taka ta yi mini? Ta ɗaga hannuna a gaban baƙi, wai ku zo ku ga amarya za ta koma tsinke. Kowa ya yi dariya... har da kai."

Ya sosa ƙeya. "Wasa ne ai, rabin raina. Ni a haka na gan ki na ce ina so. Ranar Asabar ki zo ki ci abincin Mama, ki ba ta haƙuri, magana ta mutu."

"Zan zo, zan gaishe ta har ƙasa. Amma ba zan ci abin da zai kwantar da ni don kunya ba."

Wata huɗu ke nan tana wannan fama. Ta bar lemon kwalba, ta bar soye-soye, kilo tara ta sauke. Ƙawayenta sun daina gayyatarta fita, wai tana hana su jin daɗin abinci. Gwaggonta da a da take kiranta buhu, yanzu ita ke yawo da cewa yarinyar nan ta lalace.

Ta jawo durowa, ta zaro wata takardar asibiti daga ƙarƙashin zare da almakashi, ta miƙa masa.

"Likita ya ce sugana ya kai bakin gaɓa. Kai labarin rasuwar Baba kawai ka ji. Ni na yi shekara biyu ina wanke masa ciwon ƙafa, ni na riƙe hannunsa ranar da aka yanke ta. Shi ma bai iya cewa a'a a gidan mutane ba."

Malam ya daɗe yana kallon takardar. "Me ya sa kika ɓoye mini?"

"Kada a ce maka za ka kwaso mai ciwo."

Ya ajiye takardar a kan teburin yanka, ya fita.

Kwana uku bai kira ba. Ta yi kukanta a bayan labulen gwaji, ta wanke fuska, amma ba ta neme shi ba.

Ranar Asabar ita kaɗai ta je. Falon cike yake da dangi, Malam na can gefe, kansa a ƙasa. Ko gama gaisuwa ba ta yi ba Yaya Babba ta dire mata faranti, shinkafa tuli, mai na ƙyalli a kai.

"Yau sai mun ga ƙasan farantin nan."

Auta ta matsa gaban Mama ta durƙusa.

"Mama, ki gafarce ni. Wallahi ban raina girkinki ba. Ciwon da ya kashe mahaifina ne yake bina, likita ya gindaya mini sharaɗi. In zamana a gidan nan sai na cinye wannan, to gara a faɗa mini tun yau."

Yaya Babba ta buɗe baki, sai ga Malam ya miƙe ya ɗauke farantin.

"Yaya, ya isa. Ni na fara yin laifi da na yi dariya." Ya juya ga Auta. "Kwana ukun nan kunyarki nake ji, shi ya sa na kasa kira."

Mama ta daɗe tana dubanta, sannan ta kamo hannunta ta zaunar da ita kusa da ita.

"'Yar nan, da kin faɗa mini tun farko. Me likitan ya ce ki riƙa ci? Faɗa mini a hankali, kan nawa ba ya riƙe abu da yawa."

Da yamma Malam ya ce zai tsayar mata da mota, ta ce a ƙafa take komawa kullum. Ya ce to, mu je. Ba su kai rabin hanya ba ya fara haki, yana share gumi da hularsa.

"Auta... don Allah rage sauri."

Ta waiwayo, karon farko a satin nan tana dariya.

"Ba zan rage ba, Malam. Kai dai ka ƙara."