Zanen Goshin Zaure

Sadiƙa ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ke nan, sai ta ga mutum durƙushe a gaban zaurensu da kyamara a ido.

"Malam, lafiya? Ko bangon ya yi maka magana ne?"

Ya ɗago yana dariya. Sunansa Taufiƙ, ya ce, yawon ɗaukar hoton tsofaffin gine-gine yake yi. Yanzu daga wajen garin Yagwa yake, ya ɗauko hoton dogayen ɗakunan laka na can, amma duk nan Garwa bai ga zane irin na goshin zauren nan ba. Kakanta ne ya sa magina suka yi shi bayan ya zo fatauci daga Kano. Ranar ta fara kallon zanen da kyau. Mai kyamarar ma, ba ƙarya, ya sha kallo.

Daga nan fa sai saƙo, duk garin da ya sauka.

"Zinariyata, yau na ɗauki tsohuwar ganuwa, amma hoton bai yi ba, don ba kya ciki."

"Kai dai da zaƙin baki, Matafiyina. Ka ci abinci kuwa?"

Da maganar ta isa kunnen mahaifinta, Alhaji Shu'aibu, tsalle ya yi ya dire.

"Mai bin kango da kyamara? Kada ya sake shiga zaurena! Ga Sharif nan, yaro mai sana'a."

Sharif dillalin siminti ne daga Figil, ya daɗe yana zarya.

"Baba, ba zan yi maka rashin kunya ba," in ji Sadiƙa, "amma wallahi ko bene zai gina mini ba na son sa. Taufiƙ nake so."

Shi kuwa Sharif, don neman shiga, sai ya turo leburori suka shafe zauren da siminti, har zanen. Alhaji yana ta sa albarka, Sadiƙa tana ɗaki tana kuka. Wa ya gaya musu laka tana shiri da siminti? Duk damina bango yana shan ruwa ta ƙasa, ba hanyar bushewa. Ana gab da ɗaukewar ruwa shafen ya ɓamɓaro, ya tafi da zanen kaf.

Alhaji ya tsaya a gaban bangon yana kallon gurbin zanen. Abin da ya rage masa na mahaifinsa ke nan.

"A rushe kawai, Alhaji, a yi shaguna," in ji Sharif.

Tab! Sadiƙa ta ci ɗamara da gyalenta, ta shiga kwaɓa laka a ƙofar gida, unguwa na kallo.

"Ba mai rushe shi ina numfashi!"

Da laka a yatsa ta tura wa Taufiƙ saƙo: "Ka zo da hotunan zaure. Duka."

"Baba fa ya kore ni, Zinariya."

"Na sani. Ka zo."

Ya zo, ya wanko hotunan manya-manya. Magini yana duba hoto yana fitar da zane, Taufiƙ yana miƙa laka, rigarsa ta yi kaca-kaca. Alhaji ya ƙi amsa gaisuwarsa, amma ya kasa barin wurin. Can ya fizgi hoto ɗaya zai yi gyara, sai ya ƙura masa ido. A kusurwar zanen, can sama inda ido ba ya kaiwa, ga shatin ɗan ƙaramin hannu.

"Hannuna ne," ya ce. "Babana ya ɗaga ni na danna."

Ya share ido, ya dubi Taufiƙ.

"Rana ta yi zafi. Shigo zaure ka sha ruwa. Kuma ka turo manyanka."

A gaban zauren aka ɗaura auren, jama'a na ta Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Da za a tafi da amarya, Sadiƙa ta ɗaga mayafi ta dubi sama. A sabuwar kusurwar akwai shatin hannu uku, na Alhaji a tsakiya.