An Sace Mana Kira

Da misalin ƙarfe tara na safiyar Juma'a matar ta shigo caji ofis, guntun zare maƙale a gefen mayafinta. Ta ajiye waya a kan teburin Sufeto, ta tsaya ba ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, sata aka yi mana."

"Me aka sace?"

"Kira."

Saje, wanda tun safe yake kokawa da injin buga takarda, ya ɗago kai. "Baiwar Allah, waya dai ko? To ai ga ta nan a gabanmu."

"Wayar tana nan. Kiran aka sace."

Sufeto ya tura mata kujera. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki, ya san fuskar mai wasa da hankalin hukuma, ya kuma san fuskar wanda kuka ya ƙare masa. Wannan ta biyun ce.

Tela ce. Mijinta kafinta, amma rabonsa da guduma shekara huɗu, tun da ƙodojinsa suka tsaya. Duk Litinin da Alhamis takan kai shi asibiti a yi masa wankin ƙoda. An sa sunansa a jerin masu jiran dashe, aka ce su ba da lamba ɗaya wadda ba ta mutuwa. Ta ba da tata. Tun daga ranar ko banɗaki da wayar take shiga.

"Jiya da muka je wanki, sai nas ta ce mini, ya zazzaɓin maigida? Na ce wane zazzaɓi? Ta ce ai ranar Talata an samu ƙodar da ta dace da shi, aka kira ni, na ce yana kwance da zazzaɓi a ba wani." Ta nuna wayar. "Ranka ya daɗe, ranar Talata ina kan keke ina ɗinki, wayar nan tana cinyata. Wallahi ko tari ba ta yi ba."

Sufeto ya duba jerin kiran da suka shigo. Masu karɓar ɗinki, ƙanwarta, mai kawo mata yadi. Babu asibiti.

"Yaushe rabon da su kira ki?"

Ta ƙirga da yatsu. "An fi wata biyu. Da sukan kira su tuna mini ranar gwaji. Na zaci sun daina ne."

A aikinsa ya taɓa mayar wa mutane babura, akwatuna, har da rufin kwano da aka kwance daga kan gida. Ya riƙe biro a kan takarda, ya rasa me zai rubuta a gurbin abin da aka sace.

A asibitin, ofishin Sista mai kula da jerin dashe ɗan ƙarami ne, da tebur ɗaya da farar waya mai igiya. Ta juyo wa Sufeto fuskar kwamfuta.

"Talata, ƙarfe goma da minti ashirin. Ga lambar. An ɗauka, mun yi minti biyu da daƙiƙa arba'in. Ni da kaina na kira."

"Wa ya ɗauka?"

"Mace. Ta ce ita ce matarsa. Na tambayi lambar katinsa ta karanto mini ba gargada. Kuma ba ranar ce farko ba, sau huɗu ina kiran ta a wata biyun nan, tana ɗauka."

"Ina ƙodar yanzu?"

Sista ta dube shi ta saman tabarau. "Ƙoda ba ta jira, Sufeto. Awanni ne da ita. Mai zazzaɓi ba a yi masa dashe, sai mu wuce ga na bayansa."

"Wane ne na bayansa?"

"Wannan sai da takardar kotu." Ta rage murya, ta kalli ƙofa inda telar take zaune a benci. "Ba zargi nake ba. Amma jinya ta shekara huɗu ba wasa ba ce. Mun ga matan da suka gaji."

Shi ma tunanin ya gifta masa tun a mota, kuma bai ji daɗin kansa ba. Ya fita ya karɓo wayar telar, ya ajiye ta a kan teburin.

"Kira ta yanzu."

Sista ta danna lambar a farar wayar, ta sa a lasifika. Suka ji tana ringin, tana ringin. Wayar da ke kan tebur ko haske ba ta kawo ba. Sufeto ya ciro tasa ta aljihu ya danna lambar nan dai. Nan take wayar telar ta hau ruri.

Sista ta dafe ƙirji. "Innalillahi. To ni wa nake kira?"

Sai ranar Litinin da safe kamfanin waya ya yarda ya buɗe musu ƙofa. Aka kai su hawa na uku, wani ɗaki mai sanyin da ya sa Saje maɓalle rigarsa har wuya. Wani dattijon injiniya mai sanƙo ya saurari labarin, ya ja takarda.

"Wayar asibitin ta intanet ce. Ita intanet ba ta san lamba ba, suna ta sani. To akwai babban kundin da ake duba sunaye a ciki, DNS muke ce masa. In an danna lamba, sai na'ura ta juya ta daga ƙarshe zuwa farko, ta sa ɗigo tsakanin kowane adadi, ta zama kamar sunan shafi. Sai ta tambayi kundin, wannan ina zan kai kiransa? Abin da kundin ya faɗa, can za ta kai."

"Lamba a juye," in ji Saje. "Ashe har na'ura ma ta iya zaurance."

Injiniya bai yi dariya ba, idonsa na kan allo. "Wayarka ta hannu ta bi tsohuwar hanya, shi ya sa ta same ta. Amma duk kiran da ya fito daga layin intanet sai ya tambayi kundi. Ga layin matar nan. An canza shi wata biyu da kwana tara da suka wuce. An ce a kai kiranta wani adireshi na kyauta, irin wanda kowa zai buɗe ya riƙa amsawa a wayarsa."

"Sunan wa ke kan adireshin?"

"Babu suna."

"Wa ya canza?"

Injiniya ya sosa sanƙonsa. "Da lambar sirrin shugaban sashe aka shiga. Bari in gyara mata yanzu."

"Bar shi tukuna," in ji Sufeto. "Tun Juma'a na ba asibiti lambar mijin. Kar ka taɓa sai na ce."

Shugaban sashe mutum ne mai ƙiba da ƙamshin turare. Ya ce ranar da ake magana yana taron bita a wani otal, akwai hotuna. Ya ce lambar sirrinsa ko matarsa ba ta sani ba.

"To aljani ne ya shiga da ita?"

"Sufeto, ni mutum ne mai bin ƙa'ida."

Saje ya miƙa hannu kamar mai neman wurin dafawa, ya ɗaga allon madannan kwamfutar. A ƙasansa an manna wata 'yar takarda ruwan ɗorawa, da lambar sirrin a rubuce baro-baro.

Shugaban ya share goshi. "Duk wata sai sun sa an canza. Kan mutum ɗaya ne."

"Su wa ke shigowa nan?"

"Mu bakwai ne a sashen."

Sufeto ya fito babban ɗakin ya ƙirga kawuna. Biyar, da shugaba shida. Tebur na ƙarshe kusa da taga babu kowa, an kife kofin shayi a kai, ga kwalin takunkumin rufe hanci a gefe.

"Wannan fa?"

"Anti ce, mai kula da kundi. Ita kam cire ta, shekararta goma sha tara a nan ko biro ba ta taɓa ɗauka ba. Tana hutu, 'yarta aka yi wa aiki."

"Tun yaushe?"

"Tun Talata. Da rana aka kira ta, ta fita ko kwamfuta ba ta kashe ba."

"Wane irin aiki?"

"Dashen ƙoda. Har taro muka yi muka yi mata barka."

Sufeto ya daɗe yana kallon kofin da aka kife. Ya sha kama mai laifi ya ji sanyi a ransa. Yau kam bai ji sanyin ba.

Sun same ta a hawa na biyu na asibitin, zaune a kujerar roba a gaban wani ɗaki mai tagar gilashi. Mace ce siririya da ta haura hamsin, jaka a cinya, idanu sun faɗa. Ta cikin gilashin ana hango wata budurwa tana barci, an rufe mata hanci da baki.

"Ke ce Anti ta kamfanin waya?"

"Ni ce. Lafiya?"

"Kin san wani kafinta da ake yi wa wanki Litinin da Alhamis? Matarsa tela ce."

"Masu wanki suna da yawa, ranka ya daɗe. Ban san shi ba."

"'Yarki wace rana take zuwa?"

Ta ɗan jinkirta. "Litinin da Alhamis."

"Shekara nawa?"

"Uku da rabi."

"Benci ɗaya, shekara uku da rabi, ba ki san matar ba?"

"Ni ba mai yawan magana ba ce."

Sufeto ya juya ya yi wa Saje alama da kai. Saje ya kira Sista ya ce ta danna lambar telar a farar wayarta. Suka jira su uku. Can sai wani siririn sauti ya taso daga cikin jakar da ke cinyarta.

Ba ta buɗe jakar ba. Ta ɗora tafukanta biyu a kai kamar mai rarrashin jariri, har sautin ya gaji ya tsaya.

"Mu matsa daga nan," ta ce. "Kar ta farka ta gan ku."

A ƙarshen baranda ta faɗi komai, ba tare da an matsa mata ba. Ita da telar tare suke zama, tare suke shan shayi a murfin flas ɗaya. A nan ta san jinin kafinta da na 'yarta iri ɗaya ne, kuma ya riga su shiga jeri da wata biyar. Katinsa ma ita take riƙe wa telar in za ta je salla.

"An gwada ni, ciwon suga ya hana. Ubanta ya rasu. Likita ya ce jijiyoyin da ake sa mata allura suna toshewa ɗaya bayan ɗaya, saura guda. Shekararta ashirin da ɗaya. Na koma ofis ina kallon allo, ga lambar matar nan a gabana. Layi ɗaya ne, ranka ya daɗe. Ko minti ban yi ba."

"Da suka kira tuna ranar gwaji fa?"

"Sai in faɗa mata a benci, in ce na ji nas tana cewa. Bai taɓa rasa gwaji ba."

"Me ya sa ba ki goge abin daga wayarki ba?"

Sai a nan muryarta ta karye. "Ban samu komawa ofis na gyara ba. Na ce in na kashe, aka sake samun wata aka kira, ba mai ɗauka. Na bar shi ne don in ruga in gaya musu."

Sufeto ya kira Injiniya ya ce ya gyara layin. Daga nan ya tare likitan sashen a bakin matakala ya tambaye shi abin da yake ta juyawa a ransa tun Juma'a.

"Zai koma saman jeri," in ji likitan. "Amma irin jininsa, mukan yi shekara biyu ba mu samu ba."

"Zai kai?"

Likitan ya mayar da idonsa kan fayil ɗin hannunsa.

Anti ta kira ƙanwarta ta zo ta zauna da yarinyar. Saje ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Hanyar fita ɗaya ce, kuma ta gaban ɗakin wanki ta bi.

Telar tana benci. Ta ga Anti tsakanin 'yan sanda biyu, ta miƙe da murmushin gaisuwa, sai murmushin ya tsaya a rabi. Ta dubi Sufeto. Ya sunkuyar da kai.

"Ke?" ta ce. "Yaya, ke?"

Anti ta kawar da kai.

Ƙofar ɗakin a buɗe take. A gado na farko kafinta yana kwance, ƙafafu a kumbure, robobi biyu jajaye sun fita daga hannunsa zuwa injin da ke juyawa. Ya ji komai. Ya ɗaga ɗayan hannun ya yafito su, Sufeto ya matso da Anti bakin ƙofa.

Kafinta ya dube ta tsawon lokaci. Muryarsa a dashe take.

"Ƙodar ta kama?"

Anti ta gyaɗa kai, hawaye na zuba. "Ta kama. Tun Laraba take fitsari."

Kafinta ya lumshe ido. "To ku gaya wa yarinyar ta riƙa shan maganinta a kan lokaci. Kar a yi asara biyu."

Ya juya fuskarsa bango. Telar ta zame ta zauna a ƙasa, ta rufe kai da mayafi.

Sufeto ya matso. Ya taɓa gwiwar hannun Anti a hankali.

"Mu je," ya ce.

Saje ya wuce gaba ya buɗe mata ƙofar mota.