Sikelin da Ya Auna Yasna

Ranar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, Yasna Quilodrán na durƙushe a bayan gida tana niƙa ɗanyar masara, gumi na shiga mata ido, ga zafin Janairu na garinmu Curicó da ba ya raga wa kowa. Marainiya ce. Mahaifinta tun tana goye ya rasu, mahaifiyarta kuwa ta sha doguwar jinya, Yasna ce mai juya ta, mai wanke ta, mai raka ta layin asibiti, har rai ya yi halinsa. Daga nan Gwaggo Ortensia, yayar babanta, ta ɗauke ta, ta cika mana unguwa da cewa don Allah ta yi. Don Allah fa! Mu da muke katanga ɗaya da ita mun san abin da ta samu, 'yar aikin da ba a biya. Humita take sayarwa a kasuwa, niƙaƙƙiyar masarar nan da ake dafawa cikin ɓawonta, kuma daga ɓare masara har sauke tukunya Yasna ce. Sai ta gama take rugawa makaranta, ta isa a makare, hannu na warin albasa, ta yi ta gyangyaɗi a aji. To ina makin aji zai fito? Na shekarun sakandare da ake tarawa ya tsaya mata a biyar da 'yan kai cikin bakwai, alhali Renata, 'yar Gwaggo da ke makarantar kuɗi, tana gab da bakwai cif.

Yasna ba ta da waya, don haka malamarsu ta kimiyya, Malama Fresia, ita ce ta tako har ƙofar gida tana haki. "Yasna, 'yata, kin haura ɗari tara cikin dubu a lissafi, kimiyya ma haka. Duk makarantarmu ba mai kamo ƙafarki."

Yarinyar ta saki abin niƙa ta fashe da kuka. Sai dai murnar ba ta kai ko ƙofar ɗaki ba, don a ciki Renata ce kwance tana nata kukan, da ƙyar ta taɓa ɗari shida. Gwaggo Ortensia ta fito tana goge hannu a ɗankwalin girki, ta dubi Yasna sama da ƙasa.

"Ɗari tara? Ke ɗin? Wadda malamai ke tasa daga barci? To gaya min wa kika leƙa wa takarda."

"Gwaggo, ban leƙa ta kowa ba... a bakin murhu nake karatu, kina gani na."

"Rufa min baki. Kaza ba ta haifar shaho."

Ba a gida maganar ta tsaya ba. Washegari a kasuwa duk wanda ya tsaya sayen humita sai an haɗa masa da labarin marainiyar da ta yi satar amsa. Masu kayan miya suka ɗauka, masu kifi suka ƙara gishiri, har yarinya ta zama in ta wuce da kwando sai ka ji ana, "Ga farfesa nan, ku ɓoye takardunku." Ta sunkuyar da kai ta wuce, hawaye na ɗiga cikin kwandon. Wallahi ni kaina na ji, kuma raina ya ɓaci.

Ga kuma kwanakin zaɓen karatun jami'a 'yan kaɗan ne. Kowane ɗalibi zai jera karatun da yake so daga sama zuwa ƙasa, wanda makinsa ya fara isa a jeren shi za a ba shi, na ƙasa duk su faɗi. Gwaggo Ortensia ta san wannan sarai. Ta zaunar da Yasna gaban kwamfutar Renata, ta tsaya mata a ka, ta ce ta ɗora wani ƙaramin karatun harkar ofis na nan cikin gari a sama, wanda ko da rabin makinta za a ɗauke ta.

"Gwaggo, kimiyyar sinadarai nake so. In na sa wannan a sama shi ke nan, ba za a ko duba sauran ba."

"Da wannan makin ajin naki? Wace jami'a ce za ta kalle ki? Ki yi wanda za ki je da yamma ki dawo min kan tukunya. In kuwa kika taɓa shi, ki nemi wani rufin."

Haka Yasna ta danna. Ita kuwa Renata uwar ce ta zaɓa mata da kanta, likitanci, likitanci, likitanci, duk a manyan jami'o'in Santiago, babban birni. Renata ta ce, "Mama, ki bari in sa aikin jinya a ƙasa, ko da tsautsayi." Uwar ta ce 'yar da ke da kusan bakwai ba ta neman mafaka, wannan sai 'ya'yan talakawa.

Yasna ta rasa inda za ta sa ranta. Ta zauna ta tashi, ta ɗora tukunya ta manta gishiri. Ta je kabarin mahaifiyarta ta kunna kyandir ta durƙusa. "Ya Ubangiji, Kai ka ga ban yi sata ba... Mama, kin ce in yi karatu, ga shi na yi, an ce ba nawa ba ne. In na canza a kore ni, in na bari na ƙare a bakin murhu. Ina zan sa kaina?"

Ranar rufe zaɓen Malama Fresia ta same ta a rumfar kasuwa, Gwaggo ta tafi sarin masara. Ta ja ta gefe.

"Saurara, 'yata. Kowane karatu da sikelinsa. Wasu jami'o'in makin aji suke ɗorawa nauyi, can kam ba ki da rabo, kada ma ki ɓata layi. Amma akwai wata a kudu da kusan duk nauyinta a kan jarrabawa yake, lissafi da kimiyya, inda kika fi ƙarfi. Na auna makinki da sikelinsu, kin wuce har da rara. Karatun kyauta ne ga irinki, akwai gidan kwanan ɗalibai. Kada ki bi suna, ki bi sikeli."

"Malama, za ta kore ni."

"In ta kore ki akwai katifa a gidana. Lokaci na tafiya fa."

Yasna ta dubi tukunya, ta dubi titi, ta sake duban tukunya. Sai ta kwance ɗankwalin girki ta ajiye, ta bar wa mai tumatir jiran rumfa, suka ruga ɗakin karatu na makaranta. Ta ɗora kimiyyar sinadarai ta kudu a sama, ta bi ta da wasu biyu masu irin sikelin, na Gwaggo ya koma can ƙasa. Da ta dawo ta tarar da masara ta ƙone, ta sha mari biyu a hannun Gwaggo.

Ranar da za a faɗi wanda aka ɗauka, Gwaggo Ortensia ta gayyaci unguwa gaba ɗaya cin gasasshen nama, wai a taya ta murnar likita. Ina wurin. Rana na tsaka Renata ta buɗe wayarta, ta duba, ta sake dubawa, fuskarta ta zube.

"Babu, Mama. Ko ɗaya."

"Kamar ya babu? Da kusan bakwai ɗin?"

"Makarantarmu kowa bakwai ake ba shi, sun sani, da 'yan makarantarmu ake gwada ni. Na ce ki bar ni in sa jinya, kika hana. Ke kika ja min zaman shekara guda."

Can Malama Fresia ta miƙa wa Yasna tata wayar, yarinyar ta shigar da lambarta, ta kasa karantawa don hawaye, sai malamar ce ta ɗaga murya. An ɗauke ta a zaɓinta na farko, kimiyyar sinadarai, kuma tana cikin na gaba-gaba. Matan da suka yi ta kiranta farfesa su ne suka fara rungume ta, kunya ta ishe su.

Gwaggo Ortensia ta zame kan kujera. Ta buɗe baki za ta yi masifa, ta ga idanun jama'a a kanta, ta rufe. Renata ce ta taso da jajayen idanu ta riƙe hannun Yasna.

"Yasna, dole in sake jarrabawar. Lissafin nan ba na gane shi... ki koya min kafin ki tafi."

Yasna ta share fuskarta, ta juya ga gwaggonta. "Zan koya mata, Gwaggo, 'yar'uwata ce. Amma mai satar amsa ba ta koyar da kowa. Ki faɗa wa mutanen nan abin da za ta koya a wurina, na sata ne ko nawa ne."

Matar ta sunkuyar da kai, nama na ƙonewa a kan wuta ba mai juya shi.

"Naki ne," ta ce.

"Ba su ji ba, Gwaggo."

Ta ɗago, hawaye na bin kumatunta, ta faɗa yadda har na bakin ƙofa suka ji. "Na ce naki ne. Ƙarya na yi mata."