Kwalbar da Jan Datti Ke Dawo Mata

Ana dab da kiran magariba Ɗelu ta sauko da kwalbar daga saman kabad, ta shinshina, ta kau da kai. Tir! Kwalbar gilashi ce mai dogon wuya da faffaɗan gindi, irin wadda ake juye giya a ciki. A gidan suka tarar da ita ranar da suka tare a unguwar Sentul, can ƙasar waje. Ta so ta jefar, mijinta Abdulwahidu ya hana, wai kayan mai gidan haya ne.

Sau huɗu ta riga ta wanke ta. Hannu ba ya shiga, soso ba ya shiga. Sai ta zuba ɗanyar shinkafa da ruwan ɗumi, ta yi ta girgizawa har jan dattin ya saki, sannan ta kife ta kan tsumma kwana biyu ta bushe. Mako na zagayowa jan ya dawo, da wari kamar na zoɓon da ya kwana uku. Ran nan haushi ya sa ta kwarara mata tafasasshen ruwa, ko bisimilla babu.

Gidan ya yi tsit. Sai wani abu ya faɗo mata a wuya. Ƙwayar shinkafa ce, jiƙaƙƙiya, ja. Wata ta biyo, wata ta biyo, ga tagogi a rufe, ga su a hawa na goma sha huɗu. Can ta ji dariya daga ɗakin 'yarta Khaulah, dariyar ƙaton namiji. Ta tarar da yarinyar a ƙasa tana kelaya jan amai, warin kwalbar sak.

Kwana uku Khaulah ba ci ba sha. A rana ta huɗu bayan la'asar Abdulwahidu ya zo da Malam Zahraddeen, mai ruƙiyya, daga wajen unguwar Masjid India. Malam ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe. Ita da Hausarta sai an haɗa da Turanci, yau ga ta tana zuba ta tiryan-tiryan.

"An ƙona ni. Sau huɗu tana wanke mini abinci, na yi haƙuri. Yanzu kuma ruwan zafi?"

"Me kake so?" in ji Malam.

"A cika mini kwalbar."

"Wannan ƙazantar? Ko ɗigo. Ka fita, ko in ci gaba."

Ya ci gaba. Yarinyar ta yi ta birgima.

"Zan fita! A bar mini kwalbar, a kai ta nesa, kar a fasa."

Ɗelu ta kasa daurewa. "Allah wadanka! Kai ke zubo mana najasa a gida duk mako!"

"Ni? Baiwar Allah, ni lasa kawai nake. Ki tambayi mai zubawa duk ranar da kika tafi kasuwa."

Khaulah ta yi atishawa uku, ta buɗe ido ta ce, "Umma, ruwa."

"Aljani maƙaryaci ne, Hajiya," in ji Malam, yana naɗe kwalbar a leda.

Ɗelu ta waiwaya. Ta dubi mijinta, shi kuwa ƙafarsa yake kallo. Da ya miƙo kofin ruwa zai ba yarinyar, ta karɓe, ta kai kicin, ta wanke shi sau uku.