Mai Lamba Bakwai

A wani asibitin Garwa Ache ta fara ganin Walid, kwana biyu kafin a cire masa ƙodar hagu. Takarda ta kawo ya sa hannu.

"Ƙarin da za a cire muke roƙo," ta ce. "Ƙwayoyinsa muke dubawa ɗaya bayan ɗaya, har mu gano wace ƙwayar ƙoda ce ta haifi kansar."

"Allah ya sa 'yar gidan mutunci ce," in ji shi.

Ta yi dariya, shi kuma ya sa hannu. Tun tana zuwa dubiya da sunan aiki, har aikin ya ƙare ba ta daina zuwa ba.

Da Walid ya nemi aurenta, mahaifinta Malam Babagana ya ƙi. "Na aika garinsu Kuseri, mutanen kirki ne. Ciwon nan fa? Ke ce mai binciken, duba ki faɗa mini."

Sai ga sakamako daga waje: mutum goma sha biyu har da Walid, ba suna, sai lamba. Ƙwayoyin lamba bakwai sun nuna alamar irin kansar da ke dawowa. Littafin sunayen yana durowar shugabarta, Dokta Monique, wadda ta ce ranar Juma'a da yamma za ta kira mai lambar.

Makullin ofis yana jakar Ache. Kwana uku tana wuce durowar nan ba ta buɗe ba.

Saƙon Walid ya shigo: "Habibti, kin yi shiru. Ni ne mai lamba bakwai ɗin?"

"Ban duba ba, Nurina. Ba kuma zan duba ba."

Ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, a ɗaura auren kafin kiran. In na jira, sakamako na aura, ba Walid ba."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi. "Allah ya sa kin san abin da kika ɗauka."

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura. Da la'asar ango ya shigo gaida suruki, Ache na gefe cikin lulluɓi. Wayarsa ta yi ƙara. Dokta Monique.

Wataƙila murna za ta yi musu. Ba wanda ya iya faɗin haka.

Malam Babagana ya dafa kafaɗarsa. "Ɗauka, ɗana. Ko me za ta ce, a gidanku za ta faɗa. Allah ya yi muku albarka."

Ache ta matso ta riƙe ɗaya hannun.