Kofin Farko a Gidan Abednego

A wajenmu, nan kudancin Kaduna, ba a miƙa wa baƙo ruwa haka kawai. Wanda ya kawo kofi shi zai fara kurɓa, baƙo yana kallo, sannan ya miƙa. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, hannu ne ya saba. Ku riƙe wannan, domin a kansa gidan Abednego ya ƙare, ni kuwa katanga ɗaya ce ta raba mu.

Abednego mai haƙa rijiya ne a Kafanchan. Gari ya yi ta girma, gidaje har cikin fadama, damina kuma tana zuwa a makare ta tafi da wuri. Rijiyoyi suka kafe. Famfon kan layinmu sai dai kaji su kwanta a gindinsa. Masu bohol da tanka suka zama manya, shi kuwa mutuminka yana cikin rami yana fito wa mutane da busasshiyar ƙasa. Ya sayar da gonar citta ta ubansa ya kira masu inji suka huda tsakar gidansa, ba abin da ya fito sai garin dutse. Daga ranar ya daina gaisuwa.

Abin da ya biyo baya, shi da bakinsa ya faɗa mini a kan gadon asibiti.

Wani direban tanka ne ya yi masa kwatancen wurin wani boka. Ya bi ta bayan Madakiya da tsakar rana, ya sauka cikin wani rafi da ya mutu, ya bi yashi har gindin dutse. Tukwane ne jere a kife. Ƙasusuwan tarwaɗa a rataye da jan zare, ƙoƙon kunkuru cike da toka. A jikin wata busasshiyar bishiya an cusa kan famfo mai tsatsa, ba bututu, ba komai, amma yana ɗiga. Bokan tsoho ne mai farin leɓe. Ya tara ƙwarya a famfon ya miƙa masa, bai kurɓa ba. Abednego ya lura, ya ajiye ƙwaryar a ƙasa.

"Kana da wayo," in ji boka. "Me ka zo nema?"

"Ruwa, Baba. Wanda ba ya yankewa."

"Akwai. Na waɗanda ke ƙasa ne, kuma ba sa ba da kyauta. Duk shekara in rani ya kai tsakiya, ruwanka zai ɗauke. Ka buɗe famfo, zai ba ka kofi ɗaya. Bakin da ya fara taɓa shi nasu ne. Daga nan sai ruwa."

"Akuya fa?"

"Akuya tana da suna? Mai suna suke so."

"To baƙo? Wanda ban san shi ba?"

"Ba su tambayar dangi. Amma a cikin gidanka zai sha, da son ransa, ba dure ba." Tsohon ya dube shi ya yi murmushi. "Ku mutanen nan kun iya karɓan baƙo."

Ya sa shi ya yi tofi a tokar, ya kira sunan ubansa, ya ɗaure masa ƙashin kifi a tsumma ya ce ya jefa a ramin bohol.

Ruwa ya zo. Fari tas, mai sanyi, ƙarfinsa har yana fasa tiyo. Tankuna suka hau sama a gidan Abednego, masu kura suna layi tun daga bakin titi, tankokinsa suna kai ruwa Gidan Waya. Ya sayi mota, ya yi wa majami'armu silin. Wanda da ake kira Mai Rami ya koma Oga. Matarsa Dinah, mai jan waƙa a zumuntar mata, ta ba da shaida a gaban jama'a cewa Ubangiji ya ji kukansu. Muka tafa.

Da rani ya kai tsakiya, ruwa ya ɗauke.

Abednego ya fita tasha ya samo wani lebura da ya zo neman aiki daga nesa, ya ce masa akwai aikin bulo. Ya zaunar da shi a baranda, ya je ya tara kofi a famfo, ruwa ya cika shi daidai ya tsaya. Ya ɗora a faranti. Sai Dinah ta fito daga kicin ta karɓe.

"Haba Baban Rosemary, ina gida kai ne za ka kai wa baƙo ruwa?"

Ta durƙusa a gaban leburan, ta kurɓa, ta miƙa. Kafin Abednego ya buɗe baki, tankuna sun fara ƙugi a sama.

Ƙishirwa ce ta kama Dinah. Ta sha kofi, ta sha jarka, ta kafa baki a famfo, harshenta kamar ɓawon itace. A asibiti suka yi ta ƙara mata ruwa, jiki yana shanyewa, fata tana tsagewa. Ta rasu da roba cike a kan cinyarta. Ranar jana'iza ma ba a daina lodin tanka ba.

Na ɗauka mai hankali zai toshe ramin nan. Ina. Ya ƙara injin, ya ɗaga katanga, ya tura 'yarsa Rosemary ta zauna a makaranta a Gidan Waya, ya ce kada ta zo gida sai damina.

Shekara ta zagayo, ruwa ya sake ɗaukewa. Ya samo wani mai gyaran takalmi ya kawo. Bai san Rosemary ta dawo da safe ɗaukan hatsi ba. Ta ga faranti ta ɗauka, yadda ta ga uwarta tana yi. Ya daka mata tsawa: "Kar ki sha!" Amma ta riga ta kai leɓe, taɓawa kawai, ba ta haɗiye ba. Mai takalmi ya dubi uban, ya dubi kofin, ya tattara akwatinsa ya fita.

Rosemary ba ta mutu ba. Ta zauna a gindin tanki tana wanki a busasshen baho, tana hira da wasu a cikin ƙasa. Ruwa kuma bai dawo ba, domin ba su samu cikakken rabonsu ba.

Magana ta fara yawo, amma ƙishirwa ta fi magana ƙarfi. Jama'a suka cika ƙofar gidan da jarkoki, rana tana dukansu, ba mai tafiya. Cikinsu akwai Baba Gershon, wani tsoho daga Madakiya da ya zo karɓan magani, ya nemi inuwa a baranda. Abednego ya fito da kofin nan da hannunsa. Muna kallo ta ƙofa.

"Baba, ga ruwa."

Tsoho ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya mayar masa.

"Mai gida ya fara."

"Na sha a ciki, Baba."

"Ban gani ba, ɗana. Ko a gidanku ba a koya maka?"

Sai ga Rosemary ta taso daga gindin tanki, kumfar da babu ita tana sharewa a zani, ta miƙo hannu.

"Baba, kawo in ɗanɗana masa. Aikina ne."

Yatsunta sun kai bakin kofin. Abednego ya dube ta, ya juya mata baya, ya shanye.

Tankuna suka yi ƙugi. Ruwa ya ɓarke ta kowane famfo. Mutane suka matsa suka tara jarkokinsu, kowa da yara a gida.

Abednego ya bi Dinah, irin ciwon, irin gadon. Da rani ya dawo ruwa ya ɗauke, ba wanda ya yarda ya buɗe famfon, har yau. Tankunan sun tsattsage, motar tana kan duwatsu. Mu kuma mun koma bin tanka, kamar kowa.

Kai da kake ganin layin jarkoki kana lissafin arziki, ka ji da kyau. Duk wanda ya ce maka wani ne zai biya, ƙarya yake yi. Abin da ka shirya wa ɗan wani, a gidanka za a zuba shi, kuma naka ne suka fi kusa da faranti. Ka sha ƙishirwarka tare da jama'a, ka bar na ƙasa da ruwansu.

Rosemary tana nan. Zumuntar mata ke kai mata abinci. In ka bi ta layinmu za ta tare ka da kofi, ba komai a ciki, ta durƙusa, ta kai bakinta tukuna, sannan ta miƙo maka.